Gargaɗin da na tsallake ya kusa ɓata mana adashe a Manchesta

Fitowata kenan daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, sai ga kiran uwar adashenmu. Hajiya ba ta kiran mutum da sassafe haka kawai.

"'Yata, duba rasit ɗin da kika tura jiya. Sabbin nan biyu, kowace an rubuta mata zubi biyu. Ni kuwa ɗaya-ɗaya na karɓa. Ina sauran fam ɗari biyun?"

Mu ashirin ne a adashen, duk mata, kowace tana zuba fam 100 a wata. Yawancin kwasar gida take tafiya: kuɗin makarantar ƙanne, rufin ɗaki, wata ma kujerar Makka take tara wa mahaifiyarta. Hajiya ke riƙe kuɗi, ni ke riƙe lissafi. Lokacin hutun haihuwata na koyi Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhaja da su, na haɗa 'yar manhaja mai fitar da rasit in tura a WhatsApp. To ga shi yau rasit ɗina yana nuna kamar dattijuwar da muka ba amana ta ci kuɗi.

Na kira ƙanena, wanda rubuta manhaja ce sana'arsa a Kaduna. Bai yi minti biyar yana dubawa ba ya ce, "Yaya, ai Pylint ya faɗa miki wannan tun tuni. Ba ke kika turo min hoton ba, kina cewa ya cika mita?"

Gaskiyarsa.

Pylint manhaja ce mai karanta abin da mai rubuta manhaja ya rubuta, layi bayan layi, ba tare da ta kunna shi ba, ta nuna inda take zargin akwai kuskure. A wurinmu kamar abokiyar aiki ce da ke sake duba takardar magani kafin a kai bakin gadon mara lafiya. Dabarar ta daɗe. A 1978 Stephen Johnson na Bell Labs a Amurka ya fitar da lint domin harshen C, sunan kuma daga ɓurɓushin zaren nan ne da ke manne wa tufa. Yau kusan kowane harshe yana da nasa, kamar ESLint ga masu JavaScript.

Watanni kafin wannan rana na gwada shi bisa shawarar ƙanen nawa. Ya zubo min ƙorafi fiye da ɗari biyu, ya kuma ba ni maki ƙasa da rabi cikin goma. Wai layi ya wuce harafi 100. Wai ban rubuta bayani a kan kowane sashe ba. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne C2401, inda yake ƙorafi a kan sunayen da na sa irin su kuɗi da ƙari, saboda ɗ da ƙ ba sa cikin haruffan Ingilishi, alhali Python kansa ya yarda da su. Na ce wannan ai raini ne, na rufe.

A tsakiyar wannan tarin ne W0102 yake kwance. Abin da ya faru shi ne, na tsara cewa duk wadda ba ta da tsohon tarihi a buɗe mata jerin zubi wanda babu komai a ciki. Ashe yadda na rubuta shi, sau ɗaya tak Python ke ƙirƙirar wannan jeri, sai ya riƙa miƙa wa kowa shi ɗin dai. Kamar a ce marasa lafiya biyu an rataya musu fayil ɗaya, duk allurar da aka yi wa ɗaya ta bayyana a na ɗayan. Tsofaffin 'yan adashe kowace da nata tarihin, shi ya sa ciwon ya yi shiru har sai da muka buɗe sabon zagaye mata biyu suka shigo tare.

Abin da ya ba ni kunya, na san wannan cuta a wurin aiki. Na'urar da ke auna iskar oksijin a jini tana da ƙararrawa. Yawancin marasa lafiya ana so su tsaya tsakanin kashi 94 zuwa 98. Amma mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu sau da yawa 88 zuwa 92 likita ke rubuta masa. Ki bar ƙararrawarsa a kan 94, to kwana za ta yi tana kuka a banza, kafin ƙarfe uku na dare kunnen kowa ya saba, ranar da ta yi kukan gaske babu mai ɗaga kai. Ba a kashe ta, ba a kuma barin ta yadda ta zo daga kamfani. Saita ta ake yi daidai da mai gadon.

Haka muka yi da Pylint a daren nan, ni a kicin, shi a waya. Kowane saƙonsa yana farawa da harafi. E kuskure ne, W gargaɗi, C ƙa'idar tsarin rubutu, R shawarar gyaran fasali, F kuma yana nufin ya kasa ci gaba da dubawa. Ya ce in fara rufe bakin C da R na ɗan lokaci. Nan take ɗari biyun suka dawo abin da ba su kai yatsun hannu biyu ba, na karanta kowanne a natse. Ban da W0102, akwai wani suna da na ajiye ban taɓa amfani da shi ba, da na bi sawunsa sai na tarar tarar makara ce na lissafa na manta ban haɗa ba.

Daga nan muka buɗe fayil ɗin pyproject.toml, inda ake rubuta saitin dindindin, muka dawo da C da R muna zaɓe. C2401 na kashe shi gaba ɗaya, domin kuɗi dai kuɗi zan ci gaba da rubutawa. Tsawon layi na mayar 120. Nan muka ɗan yi gardama, shi yana ganin a bar shi yadda yake tunda haka ake yi a ofis, ni kuma na ce ba ofis gare ni ba. Inda na bi shi ba musu shi ne batun yi wa layi ɗaya afuwa. Ana iya sa alama a gefen layi a ce Pylint ya kau da kai, amma ya ce, "Yaya, duk inda kika yi haka rubuta dalili a wurin." Mu ma in an sauya iyakar ƙararrawa sai an rubuta wanda ya sauya da dalilinsa.

Akwai abin da bai gani ba, kuma ba zai gani ba. Ina lissafin kuɗi da ɗigo, fam kaza ɗigo kaza. Ƙanena ya ce in tara 0.1 da 0.2 in gani. Python ya ba ni 0.30000000000000004. A wurin Pylint wannan layi lafiyarsa lau. Sai da na mayar da komai zuwa kwabo, fam ɗaya kwabo 100, ana raba shi ne kawai a kan rasit. Haka nan bai san wace ce ke da kwasar watan gobe ba, in na juya sunaye ba zai ce uffan ba.

Washegari na tura gyararren rasit, na yi bayani a zaurenmu cewa laifina ne, ba na Hajiya ba. Ranar Asabar kuma na je har gida na ba ta haƙuri. Ta saurari labarin W0102 har ƙarshe, sannan ta jawo jakarta ta fito da wani ɗan littafi mai jan bango.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki ci gaba da kwamfutarki. Amma duk ƙarshen wata ki zo mu gwada da wannan kafin ki tura."

Wata bakwai kenan ina zuwa.