Yadda Ƙwaƙwalwa da Laka Suke Ginuwa, da Abin da Littafin Aji Ya Tsallake

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare ya taɓa zana hoton ƙwaƙwalwa a littafinsa, ya ja layuka ya rubuta sunayen sassanta, ya kuma haddace hanyar da saƙo yake bi daga yatsan da ya taɓa garwashi zuwa laka, har ya dawo ya sa a janye hannu. Wannan ilmi ne mai amfani, kuma shi ake tambaya a jarrabawa. Sai dai ilmi ne irin na wanda aka nuna wa gida bayan an gama gini an yi shafe. Idan aka tambayi ɗalibin daga ina ƙwaƙwalwar ta fito, kuma yaushe aka aza tubalinta na farko, sau da yawa sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Yawancin littattafan nazarin halittu sukan ware babi guda don tsarin jijiyoyi, su ware wani can daban don girman ɗan tayi a mahaifa, ba tare da sun ƙulla tsakaninsu ba.

Kafin mu yi nisa, tilas mu daidaita wata kalma. Bahaushe yakan ce jijiya ga hanyar jini, ya ce jijiya ga igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, ya kuma ce jijiya ga zaren da ke ɗaukar saƙo. A wannan maƙala ta ukun muke nufi.

Makonni huɗu na farko

A mako na uku bayan haɗuwar ƙwan mace da maniyyi, ɗan tayi bai da kai, bai da hannu. Wani ɗan faifai ne mai shimfiɗa uku ta ƙwayoyin halitta: ta sama, ta tsakiya, da ta ƙasa. Abin mamaki shi ne, shimfiɗar sama, wadda za ta zama fatar jiki, ita ce kuma za ta haifi ƙwaƙwalwa da laka. Wajen kwana na 18, tsakiyar wannan shimfiɗa takan yi kauri ta zama abin da za mu kira faifan jijiya. Daga nan sai gefunansa biyu su ɗago, tsakiya ta lotsa, tamkar kunya biyu da kwari a tsakaninsu a gonar da aka yi wa huɗa. Kunyoyin sukan ci gaba da tasowa suna karkatowa juna, har su haɗe a sama wajen kwana na 22, kwarin ya koma bututu. Haɗewar takan fara daga wajen da zai zama wuya, ta bi sama ta bi ƙasa kamar ɗinki. Bakin bututun na wajen kai yakan rufe kusan kwana na 25, na wajen ƙugu kuwa kusan kwana na 28. A lokacin tsawon ɗan tayin gaba ɗaya bai wuce milimita 5 ba, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Me ya gaya wa tsakiyar shimfiɗar ta zama jijiya, gefenta ya zama fata? Amsar ta fito daga Jamus a 1924. Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold, a Jami'ar Freiburg, sun yi aiki da ƙwan wata dabbar ruwa dangin kwaɗo, mai wutsiya kamar ƙadangare. Mangold ta yanko ɗan ƙaramin yanki daga bayan tayi guda, ta dasa shi a gefen cikin wani tayin. Sai tayin na biyu ya fitar da bututun jijiya guda biyu, kuma mafi yawan ƙwayoyin sabon bututun nasa ne, ba na yankin da aka daso ba. Wato yankin umarni ya bayar, maƙwabtansa suka bi. Spemann ya sami kyautar Nobel a 1935. Mangold ba ta ga wannan rana ba, domin gobarar murhu ta kashe ta a shekarar da aka buga binciken, ba ta cika shekara 26 ba.

Ya kamata mai karatu ya dakata a kan waɗannan kwanaki, domin a nan ne darasin ya shafi gidajenmu. Mace takan lura al'adarta ba ta zo ba kimanin mako biyu bayan shigar ciki. Ke nan mako biyu kacal bayan haka bututun ya riga ya rufe, ko ya kasa rufewa, alhali mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba, balle a yi maganar zuwa awo. Idan bakin wajen kai ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba za su ginu ba, kuma jaririn ba ya rayuwa. Idan na ƙasa ne, sai a haifi yaro da ƙullutu ko rauni a gadon baya, sau da yawa tare da shanyewar ƙafafu, rashin riƙe fitsari, da taruwar ruwa a kai. A 1991 Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta buga sakamakon gwajin da aka yi da matan da suka taɓa ɗaukar cikin da ya sami wannan matsala. Waɗanda aka ba sinadarin folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, haɗarin ya ragu musu da kashi 72 cikin 100. Saboda haka ake ba duk macen da za ta iya ɗaukar ciki shawarar shan maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga. Akwai wannan sinadari a wake, gyaɗa, hanta, alayyahu da sauran ganyaye, amma doguwar dahuwa tana lalata shi. Ɗalibar da ke zaune a aji yau, ita ce ta fi kowa buƙatar jin wannan, kuma da wuya ta gan shi a babin jijiyoyi.

Daga bututu zuwa ƙwaƙwalwa

Ƙarshen bututun na wajen kai yakan kumbura gida uku, waɗanda za su zama ƙwaƙwalwar gaba, ta tsakiya da ta baya. A mako na biyar ukun su zama biyar. Sauran bututun shi ne laka. Ramin cikinsa shi ne kogunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwar babban mutum. Akwai kuma wasu ƙwayoyi da suke ɓallewa daga tozon kunyoyin nan yayin haɗewa, su yi ƙaura cikin jiki. Wilhelm His ne ya fara bayyana su a tayin kaza a 1868. Daga gare su ake samun jijiyoyin ji na fata, da jijiyoyin hanji, da yawancin ƙasusuwan fuska, har da ƙwayoyin da ke ba fatarmu launinta.

Ƙwayoyin jijiya ana haifarsu ne a bangon cikin bututun, sannan su hau zuwa waje ta kan wasu dogayen zarurruka, kamar yadda Pasko Rakic ya nuna a tayin biri a 1972. Waɗanda suka fara zuwa sukan zauna a ƙasa, na baya su tsallake su su hau sama, har ɓawon ƙwaƙwalwa ya cika hawa shida.

Bayan ƙwaya ta sami mazauni, sai ta miƙa zare zuwa inda za ta kai saƙo. Zaren da ya tashi daga ƙasan laka zuwa babban yatsan ƙafa yakan kai mita guda a jikin baligi. A 1890 Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifen, ya ga wani ɗan kumburi mai yatsu a bakin zaren da ke tsirowa a lakar tayin kaza, ya ce da shi zaren yake laluben hanya, ko da yake matattun yanka kawai yake dubawa. A 1907 Ross Harrison na Amurka ya raya guntun tayin kwaɗo a ɗigon ruwan jiki, ya ga zaren yana fita yana tafiya da idonsa. Yanzu an san cewa bakin zaren yana shinshinar sinadarai ne a hanya, wasu su jawo shi, wasu su kore shi.

Sai kuma abin da ɗalibai suka fi mamaki: jiki yana ƙera ƙwayoyin jijiya fiye da buƙata, kuma a sassa da yawa kusan rabinsu sukan mutu tun a ciki. Rita Levi-Montalcini, wadda dokokin Mussolini na 1938 suka hana aikin jami'a saboda ita Bayahudiya ce, ta kafa ɗakin bincike a ɗakin kwananta a birnin Turin, tana aiki da ƙwan kaji. Ta ga cewa idan aka cire tsiron ƙafar tayi, ƙwayoyin jijiyar da za su je ƙafar sukan samu kamar kullum, sannan su mutu. Daga baya, a Amurka, ita da Stanley Cohen suka ware sinadarin da gaɓa take bai wa jijiya don ta rayu, suka sami Nobel a 1986. Ƙwayar da ta isa ta samu rabonta ita ke rayuwa.

Haihuwa ba ta kawo ƙarshen ginin ba. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta cika giram 400 ba, ta baligi kuwa takan kai 1,300 zuwa 1,400. Ƙarin ya fito ne galibi daga rassa da mahaɗai, da wani kitse mai suna mayalin da ke naɗe zarurruka, wanda ke ɗaga gudun saƙo daga kimanin mita 1 zuwa fiye da mita 100 a daƙiƙa. A goshin ƙwaƙwalwa wannan aiki yakan ci gaba har bayan shekara 20. Amfani ne kuma yake zaɓar mahaɗan da za su tsaya. A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a watanninsu na farko. Da aka buɗe, idon lafiya lau yake, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Babbar kyanwa ba ta sami wannan illa ba. Dalili ke nan da likitoci ba sa son a jinkirta aikin jaririn da aka haifa da yanar ido.

Littafi ma yana tsufa

Malami yana da hakkin ya tambayi kowane littafi shekararsa. Littattafai da dama har yau suna cewa ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa biliyan 100 ne. A 2009 Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta a Burazil suka ƙidaya da sabuwar dabara, suka sami kimanin biliyan 86. Haka kuma an shafe shekaru ana koyar da cewa ba a sake haifar ƙwayar jijiya bayan ƙuruciya, bisa ra'ayin Cajal kansa. Joseph Altman ya ga sababbi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye a shekarun 1960, aka yi watsi da shi. Fernando Nottebohm ya gan su a tsuntsun kanari a shekarun 1980, kuma a 1998 aka ba da rahotonsu a sashen ajiye tunani na ƙwaƙwalwar ɗan Adam. A 2018 wani bincike ya musanta yawansu a jikin baligi, wani ya tabbatar, a shekara guda. A ganina, gara malami ya faɗa wa ɗalibai wannan saɓani da ya ba su jimla guda su haddace.

Malamin da yake da hanyar shiga ɗakin karatu na jami'a ko na kwalejin ilimi zai iya neman Medical Embryology na Jan Langman, wanda aka fara bugawa a 1963 ana kuma ta sabunta shi. Hotunansa na makonnin farko sun ishe shi darasi biyu. Principles of Neural Development na Dale Purves da Jeff Lichtman, bugun 1985, ya tsufa ta fuskar sinadarai, amma ya iya ba da labarin gwaje-gwaje. Development of the Nervous System na Sanes, Reh da Harris, wanda ya fara fitowa a 2000, ya fi su zurfi, ya kuma fi ƙarfin ɗan sakandare. Dukkansu da Turanci suke. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su faifan jijiya da bututun jijiya, shawara ce, kuma malamai ne za su gwada su a aji su ga ko sun zauna.

Akwai kuma abin koyarwa da kowace makaranta za ta iya samu, wanda Aristotal ya yi amfani da shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wato ƙwan kaza. Ba ƙwan gidan gona ba, domin galibi babu zakara a can. Ƙwan kazar gida ake so, wanda ta kwana uku tana kwanci a kansa. A narka giram 9 na gishiri a lita guda ta ruwan ɗumi, a zuba a faranti mai zurfi, a fasa ƙwan a hankali a ciki kada gwaiduwa ta fashe. Tayin yakan juyo sama da kansa. Da gilashin hannu mai ƙara girma, ɗalibai za su ga ragar hanyoyin jini ja, da zuciya tana bugawa, da ɗan jiki a lanƙwashe kamar ƙugiya. Kumburin da ke kansa su ne ɗakunan ƙwaƙwalwa, layin da ya bi bayansa kuwa shi ne bututun. Tayin ba zai rayu ba bayan an fasa, don haka ƙwai ɗaya ko biyu sun ishi aji. Idan aka haɗa da ƙwan kwana biyu, za a ga bututun tun yana miƙe. Viktor Hamburger da Howard Hamilton sun kasa kwana 21 na kwancin kaza zuwa mataki 46 a 1951, kowane da hotonsa, kuma da waɗannan hotuna ɗalibi zai iya gwada zanensa ya gane matakin da ƙwan ajinsu ya kai.