Amfanin Kurmin Fadama Ga Namun Daji Da Manoma A Yankin Akurba

Gabatarwa

A yankin Akurba da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Lafiya, akan sami fadamu masu riƙe ruwa tun daga faɗuwar damina a watan Afrilu har bayan ɗaukewarta a watan Oktoba. A bakin rafukansu ne kurmi yakan fito, inda ake samun tukurwa da giyayya da malmo da ɗinya da kwakwar manja. Tun da noman shinkafa da na rani suka bunƙasa, manoma da dama suna sare wannan kurmi har bakin ruwa domin ƙara faɗin gona. Wannan bayani zai nuna yadda namun daji suke amfani da kurmin, da kuma asarar da manomi yake jawo wa kansa idan ya share shi baki ɗaya.

Yadda dabbobi suke raba kurmi

Kurmi tamkar gidan bene ne, kowane hawa da mazaunansa. A saman manyan itatuwa ne balbela da zalɓe suke kwana su yi sheƙa, jemagu kuma su ci 'ya'yan ɓaure da ɗinya su watsa irinsu. Kogon tsohon itace gidan mujiya ne da ƙudan zuma. A cikin duhuwar ƙasa ne gada da mazo da tunku suke fakewa da rana. Guza da kwaɗi kuwa suna zama a gaɓar ruwa.

Haka nan amfanin yakan sauya da lokaci. Da damina, tarwaɗa takan bi ambaliya ta shiga ciyawar fadama ta yi ƙwai, kwaɗi kuma su hayayyafa a ƙananan kududdufai. Da rani, gaiwa takan binne kanta cikin laka har ruwa ya dawo. Idan gobara ta cinye dajin tudu, kurmi ne kaɗai mafakar da ta rage mai inuwa da ruwan sha.

An ga irin wannan tsari a arewa maso gabashin Amurka, a dausayoyin da itacen jan mapul ya mamaye: yawan nau'in tsuntsaye yakan ƙaru gwargwadon girman dausayin da yawan hawan tsirrai da ke cikinsa. Saboda haka itace ɗaya ko biyu da aka bari a tsakiyar gona ba za su maye gurbin kurmi ba.

Ribar manomi

Mujiya tana farautar ɓerayen da ke ɓarnar shinkafa, har da nau'in da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Balbela da shamuwa suna cin fara da tsutsotsi. Ƙudan zuma yana taimaka wa furen riɗi da agushi da cashew wajen ɗaura 'ya'ya. Saiwoyin itatuwa suna riƙe gaɓar rafi, su hana yashi binne fadama, inuwarsu kuma ta rage saurin ƙafewar ruwan da mai noman rani yake dogaro da shi.

Sai dai kurmi yana da nasa illolin. Gyauji yana yanke shinkafa da rake, birai suna ɗibar masara, ƙudan tsando mai kawo wa shanu sammore kuma yana son inuwar bakin rafi. Maganin waɗannan shi ne tarko da gadi da share ciyawar gefen gona da kai dabbobi ga likitansu. Wanda ya sare kurmi don ya kori gyauji, ya kori mujiya da guza da tunku, ɓeraye kuwa suna nan.

Shawarwari

1. A bar zirin kurmi mai faɗin aƙalla taku 20 a kowane gefen rafi, kuma maƙwabtan gona su haɗa kai don kada zirin ya yanke.
2. A bar tsofaffin itatuwa masu kogo. Idan za a yanki gwangwalar tukurwa, kada a kashe uwar.
3. A yi share-wuta a kewayen kurmi kafin hunturu ya kankama.
4. Kada a wanke tankin feshi a rafi, kada kuma a zuba guba don kamun kifi. Sinadarin da ke cikin Gammalin 20 ya shiga jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2009.
5. A dakatar da farauta da tare rafi a farkon damina, lokacin hayayyafa.

Kammalawa

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 2001, kuma a 2008 aka sanya tafkin Pandam na Jihar Filato, da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Amma ƙananan fadamun ƙauye ba su da mai tsaro sai masu noma su. Ana shawartar malaman gona su zagaya da manoma da masu unguwanni su shata iyakar kurmi tun kafin sharar gona, domin saran itace na yini ɗaya ne, mayar da shi kuwa sai an shekara da shekaru.