Shin Ko Kun San? Satoshi Omura, Masanin Da Ya Haƙo Magani Daga Turɓaya

Shin ko kun san ƙwayar Mectizan, wadda ake rabawa kyauta a ƙauyuka bayan an auna tsayin mutum da sanda, asalinta daga ƙasar da ake takawa ta fito? Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Japan, Satoshi Omura, shi ne ya gano ƙwayar halittar da ke samar da tushen maganin, a cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a yankin Shizuoka, cikin shekarun 1970.

Ko kun san ɗan manoma ne? An haife shi a 1935 a yankin Yamanashi, ya gama jami'a a 1958, ya kama koyarwa a wata makarantar dare ta koyon sana'a a Tokyo. Ɗalibansa ma'aikatan masana'antu ne da ke zuwa aji bayan sun wuni suna aiki. Himmarsu ce ta zaburar da shi ya koma karatu: da rana shi ɗalibi, da dare malami, har ya sami digiri na biyu a 1963. A 1965 ya shiga Cibiyar Bincike ta Kitasato, daga baya kuma ya yi digirin digirgir har biyu, ɗaya a fannin haɗa magunguna, ɗaya a kimiyyar sinadarai.

Aikin nasa aikin mai haƙuri ne, kuma a nan ya fi burge ni. A ɗan tsunkulen ƙasa akwai ƙananan halittu bila adadin da ido ba ya gani, kowace tana fitar da sinadaran da take yaƙar maƙwabtanta da su. Omura ya shahara da yawo da ƙaramar leda a jakar kuɗinsa, duk inda ya ga ƙasar da ta ja hankalinsa sai ya ɗiba. A ɗakin bincike a ware halittun ɗaya bayan ɗaya, a reno su, a gwada abin da suke fitarwa. Yawancinsu ba sa ba da komai. Daga dubbai, kusan 50 ya zaɓa a matsayin waɗanda ake sa ran za su yi amfani, a cikinsu kuwa har da wadda ake kira Streptomyces avermitilis.

Shin kun san ba shi kaɗai ya yi aikin ba? A 1971 ya tafi Jami'ar Wesleyan a Amurka, wurin Farfesa Max Tishler, wanda ya haɗa shi da kamfanin Merck. A kamfanin Merck ne William Campbell da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin wannan halitta, avermectin, yana kashe tsutsotsi. Aka ɗan sauya masa tsari ya zama ivermectin, ya shiga kasuwa a 1981, a matsayin maganin dabbobi! Makiyayan da ke yi wa shanu da tumaki allurar tsutsa da kaska sun daɗe da saninsa.

Mutane daga baya suka amfana. Wani likitan Merck, Mohammed Aziz, ya jagoranci gwajin maganin a Senegal a kan cutar makantar da baƙin ƙuda na bakin kogi ke yaɗawa. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin bayar da shi kyauta, da sunan Mectizan, har sai an ga bayan cutar. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: maganin ba ya kashe uwar tsutsar da ke kwance a ƙullutu ƙarƙashin fata, 'ya'yanta yake kashewa, su ne masu jawo ƙaiƙayi da lalata ido. Uwar kuwa tana iya kai shekara 15 a jiki. Shi ya sa ake dawowa rabo kowace shekara, kuma wanda ya ce ya sha bara don haka ya wadatar, ya cuci idonsa. Ana kuma haɗa shi da wani magani wajen yaƙar tundurmi.

Ko kun san sinadarai sama da 400 Omura da tawagarsa suka gano? Ɗaya daga ciki, staurosporine, na 1977, ya zama muhimmin kayan aiki ga masu binciken ciwon daji. Kuɗin da ya shigo ta dalilin ivermectin ya taimaka wajen gina asibitin Kitasato a yankin Saitama, shi kuma ya gina wa garinsu Nirasaki gidan adana zane-zane.

A 2015 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci. Shi da Campbell suka raba rabi, ɗaya rabin ya tafi ga Tu Youyou ta China, wadda ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani tsiro dangin tazargade.

Kolombiya ce ƙasar farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da makantar bakin kogi, a 2013. A watan Janairun 2025 kuma Jamhuriyar Nijar ta zama ta farko a duk Afirka, bayan shekaru na feshin maganin ƙuda da rabon ivermectin. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan mutanen da cutar ke yi wa barazana, har yanzu tana kan rabo.