Allon Koyon Harbi A Garki: Haɗa Shi Da Sauƙi, Wurin Kafa Shi Ne Aiki

Tun kafin Dokar Soja ta ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, wadda ta kafa sabon babban birnin Tarayya, Garki ƙauyen Gwari ne, watau Gbagyi, manoma da maharba. A wancan zamani yaron da ke son koyon harbi ba ya neman kafinta. Kututturen ayaba ko gindin wata itaciya a bakin gona ya ishe shi, in kuwa kibiya ta kuskure sai ta faɗa cikin ciyawa. Yau inda ciyawar take an yi Eriya 1 har zuwa Eriya 11, ga Hedkwatar Tsaro a Eriya 7, ga kasuwa, ga makarantu, ga gidaje bango da bango. Saboda haka wanda ya sayo baka na zamani, ya ce zai haɗa wa kansa allon bara a gida, yana da tambayoyi biyu a gabansa, kuma ta biyun ta fi ta farin nauyi.

Ta farin ita ce yadda za a haɗa abin. A nan babu wani asiri, domin Hukumar Harbin Kibiya ta Duniya ta riga ta yanke awo. Takardar da ake harbi a gasar Olamfik faɗinta santimita 122 ne, watau ƙafa 4 cif, ana kuwa tsayawa mita 70 daga gare ta. An zana mata da'ira 10 cikin launi 5: rawaya a tsakiya, sa'an nan ja, shuɗi, baƙi, da fari a gefe. Tsakiyar rawayan ana so ta kasance santimita 130 daga ƙasa, allon kuma ya ɗan kwanta baya kaɗan, domin kibiyar da ta zo daga nesa sunkuyowa take yi. Mai koyo ba ya bukatar wannan nisa. A gasar cikin ɗaki mita 18 ake tsayawa, takardar kuma santimita 40 ce, sabon hannu kuwa daga mita 10 ya kamata ya soma.

Ƙafafun allon uku ne, kamar duwatsun murhu, don abu mai ƙafa uku ba ya rawa ko ƙasa ba ta daidaita ba. Kafinta zai yanka katako uku masu tsawon ƙafa 6, ya haɗa kawunansu da dogon noti guda yadda ta bayan za ta riƙa buɗewa da rufewa. A ƙafafun gaba biyu sai ya gicciya wani katako wanda allon zai zauna a kai. A ɗaura igiya tsakanin gaba da baya kada su baje. Shi ke nan. Aikin rabin yini ne, kuma kowane kafintan tsohon ƙauyen Garki zai iya.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne wajen son ƙarko. Mutum ya ga katako gara za ta ci, sai ya nufi mai walda a yi masa na ƙarfe. To, ƙarfe yana karya kibiya, ya kuma karkatar da ita inda ba a nufa ba. Ko cikin katako ma mai taushi ake so. Maɗaci da irinsa sun dace da ƙofa da gado, amma kibiyar da ta shige su da ƙyar take fita ba ta lanƙwashe ba. Kan noti da ƙusoshi kuma a juya su baya, ko a rufe su da roba. Bayan haka a kafa turke a ɗaure allon da shi, musamman daga watan Afrilu sa'ad da guguwar farkon damina ke tasowa a Abuja. Allon da iska ta kayar da kibau a jikinsa, hasarar rana ɗaya ce da ta fi kuɗin katakon duka.

Abin da zai tsai da kibiyar kansa, Turawa da can da tattaka suke yi, su naɗe ta tam kamar faifai, yanzu kuwa soso mai tauri ya fi yawa. A gida buhu ya wadatar. A cusa masa tsummoki da tsofaffin ledoji, bayan an cire maɓallai da zif, a danna da ƙafa har ya yi tauri, kaurinsa ya kai ƙafa 1 ko fiye, a ɗinke bakinsa. Kwali ma yana yi idan an jera shi da yawa aka matse, aka juyo bakin-bakinsa wajen maharbi. Yashi kam ba na kibiya ba ne, dasashe ta yake yi.

Tambaya ta biyu ita ce: me ke bayan allon? Kibiyar bakan gasa tana gudun da ya wuce kilomita 200 a sa'a, mai koyo kuwa kuskurensa ya fi dacensa yawa. A filayen gasa akan bar fili wayam na mita 50 ko fiye a bayan alluna mafi nisa, ko a ta da tudu ko shinge mai tsawo. Gidan Garki nawa ne ke da wannan? Katangar bulo takan tare abin da ya same ta, amma kibiyar da ta suɓuce tun ana jan tsirkiya sama take bi, bayan katangar kuwa akwai wata mata tana shanya, ko yara suna ƙwallo. Zana da kwanon rufi ba kariya ba ne, rufe ido kawai suke yi, wanda ya fi muni, don maharbi ba ya ganin wanda ke tafe. Hatta babban fili irin Tsohon Filin Fareti na Eriya 10 ba a shiga da baka sai da izinin masu kula da shi da kuma mai tsaron hanya, gama filin jama'a ne.

Zancen bindiga kuwa dabam ne. Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska abin wasan yara, alhali Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa ta cikin jerin waɗanda ba a riƙewa sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, tare da bindigar harbin tsuntsu. Bindigar toka ma tana da nata lasisin, daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda ke da takardarsa, ya sani ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 takan dawo kan mai ita idan ta bugi katako mai tauri ko taya. Abin da ake yi mata shi ne akwati mai zurfi cike da tsummoki, a manna takarda a bakinsa, a tsaya mita 10 kamar yadda ake yi a gasa, a kuma sa tabarau na kare ido. Amma duk bindigar da ke aiki da albarushi, babu wani allo na gida da zai tare harsashinta. Ɗan ƙaramin harsashin nan mai lamba .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita 1 da rabi, ya ratsa unguwa guda ke nan. Wurinta filin harbi ne na hukuma, mai tudun ƙasa a baya da jami'in da ke ba da umarnin harbi da na tsayawa.

Ba laifi ba ne matasa su koma ga baka. 'Yan baka ne ƙashin bayan rundunar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a yaƙin Tafkin Kwatto cikin 1804, sarautar Sarkin Baka kuma tana nan a masarautu da dama. Ƙasar da ta riƙi abin da gaske ta ga amfaninsa: tun 1988 har zuwa gasar Faris ta 2024, ƙungiyar matan Koriya ta Kudu ba ta taɓa sakin lambar zinariya ta Olamfik ba, sau 10 a jere. Nijeriya ma tana da hukumar wannan wasa ta ƙasa, nan ne kuwa ya kamata mai sha'awa ya fara tambayar malami da fili. Wani amfanin allon mai ƙafa uku ke nan: in an kwance igiyar sai ya naɗe kamar lema, ya shiga bayan mota tare da buhunsa, a kai shi inda aka yarda a yi harbi.