Yadda Ake Zaɓen Makunnin Rage Haske Mai Kama Da Na Da Don Gidan Zamani

Masu son sarrafa kayan gidansu daga wayar hannu galibi da fitila suke farawa. Ana sayen kwan lantarki mai hawa Wi-Fi, a sauke manhajarsa, a riƙa kunnawa da rage haske daga kan gado. Matsalar tana fitowa ne ranar da wani a gidan ya latsa makunnin bango ya kashe fitilar kamar yadda ya saba. Nan take kwan zai ɓace daga manhaja, domin ƙaramar na'urar da ke cikinsa ta daina samun wuta. Wasu sukan liƙe makunnin da salatif, wasu kuma su cire shi su sa allon gilashi da ake shafawa. Duka dabarun biyu suna barin tsofaffi, yara da baƙi suna lalube cikin duhu.

Shi ya sa masu wannan harka da yawa suka koma neman makunnin da a ido ba shi da bambanci da wanda kowa ya sani, amma a bayansa akwai na'urar da ke karɓar umarni daga manhaja. Mai gida ya samu abin da yake so, kaka ma ta kunna fitilarta ba tare da an koya mata komai ba.

Yadda yake rage hasken

Makunnin rage haske na gida ya girmi intanet. Wani Ba'amurke mai suna Joel Spira ne ya ƙera irin wanda ke shiga ramin bango a 1959, sannan ya kafa kamfanin Lutron a 1961. Lantarkin gida yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda a Najeriya, Nijar da Ghana. Aikin makunnin shi ne yanke wani yanki na kowane zagaye, gwargwadon yawan abin da ya yanke gwargwadon dusashewar haske. Tsohon kwai mai zare bai damu da wannan yanka ba. Shi kuwa kwan LED akwai kayan lataroni a cikinsa, kuma ba kowanne ke jurewa ba.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce sayen makunni cikakke wanda aka ƙera shi da siffar gargajiya, kamar Diva na kamfanin Lutron da ke aiki da tsarinsu na Caséta. Sai dai a lura, wannan an yi shi ne don lantarkin Amurka mai bolt 120, alhali na Najeriya bolt 230 ne. Ramin bangon ma ba ɗaya ba ne: na Amurka mai tsawo ne, na Najeriya kuwa salon Ingila ya bi, murfinsa murabba'i ne mai kimanin milimita 86. Duk yabon da aka gani ana yi wa wani makunni a YouTube, a fara duba adadin bolt ɗinsa kafin a tura kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramar na'ura mai kusan girman kwalin ashana da ake ɓoyewa a cikin ramin, a bayan makunni. Shelly Dimmer 2 da Fibaro Dimmer 2 suna cikin sanannun irinta, kuma suna aiki da bolt 230. Fa'idarta ita ce mutum yana da 'yancin zaɓen fuskar da yake so, farin roba ne ko tagulla mai tafiya da adon falo. Ranar da na'urar ta tsufa kuma, ita kaɗai za a canza.

An fi son a haɗa ta da makunni mai komawa da kansa bayan an latsa, irin na ƙararrawar ƙofa. Latsawa sau ɗaya tana kunnawa ko kashewa, dannewa na ɗan lokaci kuma yana ƙara haske ko rage shi. Makunni na yau da kullum ma yana aiki, amma yakan rikita mutane, domin za a gan shi a kunne alhali an kashe fitilar daga manhaja. Abu na biyu shi ne zurfin rami. Mai milimita 25 yakan matse, don haka wanda ke gini yanzu ya nemi a sa masa mai 35 ko 47.

Tambayar da za a yi wa mai wayarin

Makunni mai ƙwaƙwalwa yana buƙatar 'yar wuta a kowane lokaci don ya ci gaba da sauraron umarni, kuma hakan ya fi sauƙi idan layif da nutural duka sun iso ramin. A gidaje da yawa da aka yi wa wayarin a salon Ingila, nutural tana tsayawa ne a silin wurin fitila, layif kaɗai ke saukowa. Akwai na'urorin da ke aiki ba nutural, suna ɗiban wutarsu ta cikin kwan. Idan kwan ƙarami ne sosai, yakan ci gaba da ɗan haske ko ƙifce bayan an kashe, sai an ƙara masa wata 'yar na'ura a wurin fitilar. Buɗe rami da gwada wayoyi aikin mai wayarin ne, kuma sai an sauke wutar gidan daga babban akwati.

Kwan ma sai an zaɓa

A duba kwalin kwan LED a tabbatar an rubuta cewa yana karɓar ragin haske. Wanda ba ya karɓa zai riƙa rawa, ya yi ƙara, ya mutu da wuri. A jikin makunnin kuma akwai alamar RL ko RC. Mai RL yana yanke farkon zagayen lantarki, mai RC yana yanke ƙarshensa, kuma galibin ƙwayayen LED sun fi zama lafiya da RC. Kada a haɗa kwai mai Wi-Fi da irin wannan makunni, domin shi yana buƙatar cikakkiyar wuta. Fankar silin ma na'urarta daban ce, makunnin fitila yana iya lalata mata inji.

Idan intanet ko wuta ta ɗauke

A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe rumbunansa na intanet ba tare da gargaɗi ba, manhajar masu amfani da kayansa ta daina aiki, har sai da wasu daga cikinsu suka saye kamfanin suka farfaɗo da shi. A tsakanin nan, makunnan bangon sun ci gaba da kunna fitila da hannu. Darasin a fili yake: a zaɓi na'urar da ke iya aiki a cikin gida ko da data ta ƙare. Kayan Zigbee da Z-Wave suna magana ne da wata cibiya da ke cikin gidan, manhajar Home Assistant ta kyauta tana iya haɗa su, kuma tsarin Matter da ya fito a Oktoban 2022 ma ba ya dogara da rumbun kamfani. Mai sayen Z-Wave ya kula, zangon da take amfani da shi a Turai daban yake da na Amurka, kuma ba sa jin juna.

Inda ake yawan ɗauke wuta, a duba ko manhajar tana ba da zaɓin abin da fitila za ta yi idan an kawo wuta, don kada ɗakin kwana ya haske fes da ƙarfe biyun dare. Ƙaramin janareta da inbata mai araha sukan ba da lantarki marar santsi, wanda ke sa hasken da aka rage ya riƙa karkarwa.

Kafin a saya wa gida gaba ɗaya, a sayi guda ɗaya a gwada a ɗaki ɗaya na mako guda, da wutar gari, da janareta, da inbata. Sannan a kashe rauta, a kira wanda bai taɓa ganin makunnin ba a ce ya kunna fitila ya rage mata haske. Idan ya yi ba tare da ya tambayi kowa ba, wannan makunnin ne ya cancanci sauran ɗakunan.