Ƙurar Bodele da Ciwon Sanƙarau a Ƙasar Konni

Duk wanda ya taɓa bin kwaltar da ta taso daga Birnin Konni ta ratsa Malbaza da Galmi a tsakanin Janairu da Afrilu, sa'ad da hazo kan lulluɓe gonakin albasa har rana ta koma fara fat, leɓe ya tsage, hanci ya bushe har ya yi haɓo, ya san cewa a wannan lokaci ne uwa kan shafa ƙeyar ɗanta in ya kwana da zazzaɓi, don ta ji ko wuya ya sandare. Tun zamanin kakanni an lura cewa sanƙarau da rani yake zuwa, da saukar damina kuma yake tafiya. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne na'urar da ke hango ƙurar tun ba ta iso ba.

Kaso mai yawa na ƙurar nan daga Bodele yake tasowa, wani busasshen gindin tafki a arewacin Chadi, inda iskar hunturu kan kwashi lallausar ƙasa ta yo yamma da ita. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda ke can sama kimanin kilomita 36,000, suna ɗaukar hoton nahiyar nan sau da yawa cikin kowace sa'a, su kuwa masanan cibiyar ACMAD da ke Yamai su haɗa hotunan da lissafin iska da na laimar sararin sama, su fitar da taswirar gargaɗi ga ma'aikatun lafiya. Hikimar abin ita ce, ƙwayar cutar takan zauna a maƙogwaron mutane da dama ba tare da illa ba, amma idan busasshiyar iska mai ƙura ta raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ta sami ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Likitan Faransa Lapeyssonnie ne ya siffanta wannan yanki na annoba a 1963, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, kuma annobar 1996 zuwa 1997 ta halaka mutum wajen 25,000 a cikinsa.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya rarrabe tsakanin zato da yaƙini, domin tauraro ƙura yake gani, ba ya ganin majinyaci. Yaƙini yana hannun malamin asibitin da ke ƙaramin gidan likita a ƙauyukan Illela ta Nijar ko Dogerawa, wanda kowane mako zai ƙirga waɗanda suka zo da alamun ciwon ya aika wa likitan gunduma, a kuma ɗebi ruwan ƙashin bayan mara lafiya a kai ɗakin binciken CERMES a Yamai. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in an sami mutum 3 cikin 100,000 a mako guda sai a shiga shiri, in sun kai 10 kuwa annoba ta tabbata. Shekarar 2015 ta ishe mu hujja: allurar MenAfriVac, wadda Nijar ta fara yi a 2010, ta karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, alhali nau'in C, wanda ya fara ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar. Babu hoton sama da zai bambanta A da C, kuma wanda ya ga yadda jama'a ke kai da kawowa tsakanin Konni da Illela ta Najeriya ba zai yi mamakin tsallakowar cuta ba.

A ganina, fa'idar tauraro da aka fi mantawa da ita ta fi ta hango ƙurar girma. Lissafin “cikin 100,000” ba ya inganta sai an san adadin jama'a, ƙidayar Nijar ta 2012 kuwa ta tsufa, ga tungaye da rugage da ba sa cikin kowane kundi. A Kano da maƙwabtanta, a yaƙin da aka yi da shan inna, hotunan tauraro ne suka bayyana ƙauyukan da taswirar hannu ta tsallake, aka kuma ba masu ɗigon rigakafi wayoyi masu nuna inda ƙafarsu ta taka, har aka riƙa mayar da ayari unguwar da bai shiga ba.