Jami'a a Tafin Hannu: Abin da Darussan Intanet Suka Bayar da Abin da Suka Gaza Bayarwa

A shekarar 2011, wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira a intanet, kyauta, ga duk mai so. Kafin a ankara, mutum kusan 160,000 sun yi rajista daga ƙasashe 190. Shekara na zagayowa aka kafa dandalin Coursera da na Udacity, jami'o'in Harvard da MIT kuma suka haɗa gwiwa suka kafa edX. Daga nan darussan intanet na kowa da kowa, waɗanda ake taƙaita sunansu da MOOC, suka shiga bakin duniya.

Tsarinsu ba shi da wuyar ganewa. Malami zai naɗi darasinsa a gajerun bidiyo, kwamfuta ta duba amsoshin ɗalibai, wanda ya kammala kuma ya biya kuɗi kaɗan a ba shi takardar shaida. Murna ta kai har Thrun ya yi hasashen cewa nan da shekara 50, cibiyoyin ilimi mai zurfi da za su rage a duniya ba za su wuce goma ba.

Sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Cikin waɗancan mutum 160,000, kimanin 23,000 ne suka kai ƙarshen darasin, kuma wannan ma ya fi abin da aka gani daga baya. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan darussan Harvard da MIT ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala, kuma akasarin ɗaliban daga ƙasashe masu arziƙi suke. Tun a 2013 ma Jami'ar Pennsylvania ta gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu bin darussanta a Coursera sun riga sun yi karatun gaba da sakandare. Ke nan ruwan ya fi sauka inda dama akwai damshi.

Maganar kyauta ma ba ta ɗore yadda aka fara ba. A 2021 aka sayar da edX ga kamfanin 2U kan dala miliyan 800, a 2024 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashin da ya yi masa katutu.

Duk da haka, zalunci ne a ce yunƙurin bai tsinana komai ba. A 2014 Cibiyar Fasaha ta Georgia ta fara digiri na biyu a ilimin kwamfuta ta intanet kan kimanin dala 7,000, kuɗin da bai kama ƙafar na karatun cikin aji ba, dubban ma'aikata kuma suka amfana. Larabawa sun kafa nasu, Rwaq a Saudiyya a 2013 da Edraak a Jodan a 2014. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, wannan hanya ce jami'o'i da yawa suka runguma.

A ƙasa irin Najeriya, inda ɗalibai kusan miliyan biyu ke zana jarabawar JAMB a shekara alhali guraben ba su isa ba, inda kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas, wannan ƙofa abar godiya ce. Haka take ga matar aure da hidimar gida ta hana ta fita, ko da yake tsadar data da rashin wutar lantarki da shingen Turanci suna nan daram.

To me ya sa mutane ke shiga da yawa su fita kaɗan? Amsar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin ilimi a Musulunci. Imamul Bukhari ya ambata cewa Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya. Mahaifiyar Imamu Malik ta tura shi wurin Rabi'a, ta yi masa wasiyya ya ɗauki ladabinsa kafin iliminsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrin ɗan Umar, ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana ambaton malaman da ya ɗauki karatu a hannunsu. Magabata sun fahimci cewa karatu yana tafiya ne da malamin da ya san ɗalibinsa, da abokan da zai ji kunyar a bar shi a bayansu, da ijazar da ke shaida cewa wane ya karanta a gaban wane. Bidiyo na kawo darasi, amma ba ya tambayar abin da ya hana ka zuwa jiya.

Wannan ya fi tsanani a ilimin addini. Lissafi da sarrafa kwamfuta ana iya gwada amsarsu a gane daidai da kuskure. Tajwidi kuwa sai baki da baki, fiƙihu ma yana buƙatar wanda zai warware maka abin da ya shige maka duhu. Imamu Muslim ya kawo gargaɗin Ibnu Sirin a gabatarwar Sahihinsa cewa mutum ya duba daga wa yake ɗaukar addininsa. Ɗalibi ya kuma sani cewa darussan da jami'o'in Turai da Amurka ke bayarwa kan Musulunci nazari ne na tarihi da zamantakewa, ba a tsara su don koyar da ibada ba.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u ta isar da karatu ga matan karkara ta hanyar 'Yan Taru: darasi na fitowa daga wurinta, jaji kuma ta kai shi ƙauye, ta zauna da mata ta koyar da su. Nisa bai hana ilimi isa ba, kuma ba a taɓa barin ɗaliba ita kaɗai ba.

Haka ya kamata mu yi da waɗannan darussa. Ɗalibi ya ɗauki darasi guda, ya yanka masa lokaci, ya nemi abokai biyu ko uku su riƙa bita tare. Masallatai da Islamiyyoyi na iya ware ɗaki mai wutar sola da wanda zai ja ragamar bitar. Iyaye su san abin da 'ya'yansu ke karantawa da wanda ke karantar da su. Kafin a biya kuɗin digiri, a bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta amince da shi, domin shaidar gajeren darasi ba digiri ba ce. Wanda kuma ya sa wani ya rubuta masa jarabawa saboda ba mai ganinsa, ya tuna cewa Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya haɗa mu da malamai na gari. Amin.